Yadda Ake Amfani da Fim Wajen Koyar da Bambancin Jinsi da Sha'awa a Jami'a

Ɗalibin likitanci da ke zaune a aji yau, nan da 'yan shekaru zai iya karɓar jaririn da halittarsa ba ta fito fili ba ko namiji ne ko mace, iyayen kuma su zuba masa ido suna jiran abin da zai faɗa. Ɗalibar lauya za ta iya samun shari'ar wanda aka kora daga aiki saboda yadda yake tafiya ko magana, ɗalibin koyon aikin malanta kuwa zai tarar da yaro a ajinsa wanda 'yan'uwansa suka sa a gaba da tsangwama don bai yi kama da sauran maza ba. Duk waɗannan mutane ne da za a haɗu da su a bakin aiki, ko an yi maganarsu a jami'a ko ba a yi ba. Shi ya sa darasin bambancin jinsi da sha'awa yake da gurbi a karatun gaba da sakandare, kuma shi ya sa malamai da yawa suke komawa ga fim, domin fim yakan ajiye mutum guda mai fuska da suna da uwa a gaban ɗalibai, su yi magana a kansa ba tare da an taɓa sirrin kowa a cikin ajin ba. Sai dai fim kaɗai ba ya koyar da kowa. Idan aka kunna shi aka zauna, aka tashi ba tare da shiri ba, kowa zai fita da abin da ya shigo da shi, wani ma ya fita da ƙarin ƙyama. Aikin yana hannun malami, kuma ga yadda ake bin sa.

Mataki na farko: a rubuta manufar darasin, a kuma warware kalmomi

Kafin a fara neman fim, malami ya zauna ya rubuta a jimla ɗaya abin da yake so ɗalibi ya iya yi bayan darasin. Misali, ɗalibin aikin jinya ya iya yi wa mara lafiya tambayoyin tarihin lafiyarsa ba tare da kunyata shi ba, ko ɗalibin aikin jarida ya iya gane lokacin da labari ya mayar da mutum abin dariya. Manufa irin wannan ana iya auna ta. Wadda ba a iya aunawa ita ce a ce ana so ɗalibai su canza aƙidarsu, kuma a ganina wannan ba hurumin malami ba ne. Huruminsa shi ne ɗalibi ya san gaskiyar al'amari, ya iya nazari, ya kuma iya yi wa ɗan Adam adalci a bakin aikinsa.

Daga nan sai a raba abubuwa huɗu da mutane suka saba cakuɗawa: halittar jiki da aka haifi mutum da ita, yadda mutum yake jin kansa a matsayin namiji ko mace, yadda yake bayyana a sutura da murya da motsi, da kuma wanda zuciyarsa ke karkata gare shi. Mata-maza, alal misali, batun halittar jiki ne, kuma ba sabon batu ba ne ga masana, tunda malaman fiƙihu sun daɗe da ware masa babi da sunan khunsa a hukuncin gado da na sallah. Ɗalibin da bai rarrabe waɗannan huɗun ba zai kalli fim a kan mata-maza ya ɗauka labarin luwaɗi ne, daga nan kuma tattaunawar ta karkace. Yana da kyau a ba ɗalibai ɗan tarihin yadda likitoci suka sauya matsayi: ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtukanta a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi haka a ranar 17 ga Mayu 1990, sannan sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022 ya fitar da rashin daidaito tsakanin jiki da jinsin da mutum ke ji daga babin taɓin hankali. A kuma yarda tun farko da kalmomin da za a yi amfani da su a aji, domin wasu kalmomin da aka saba ji a titi zagi ne, kuma zagi ba ya zama kalmar ilimi don kawai an faɗe shi a ɗakin lacca.

Mataki na biyu: a san doka da ƙa'idar makaranta

Dokoki a kan wannan batu sun bambanta matuƙa daga ƙasa zuwa ƙasa. Akwai ƙasashen da suka halatta auren jinsi, akwai waɗanda ke ɗaure mutane a kan mu'amalar jinsi ɗaya, akwai kuma waɗanda suka hana nuna wasu finafinai baki ɗaya. Malami ya karanta dokar inda yake, ya duba ko hukumar tace finafinai ta amince da fim ɗin, ya sanar da shugaban sashe a rubuce, ya kuma sa darasin a cikin jadawalin kwas tun farkon zango don kada ya zo wa kowa a ba-zata. Wannan kariya ce ga malamin, amma ta fi zama kariya ga ɗalibai, waɗanda su ne suka fi saurin cutuwa idan magana ta fita daga aji a karkace. Haka nan akwai haƙƙin mallaka. A Amurka dokar 1976 ta ba da damar nuna kwafi na halas a aji ido da ido a makarantar da ba ta neman riba ba, amma ba kowace ƙasa ke da irin wannan sassauci ba, kuma ɗora fim a shafin intanet na kwas wani hukunci ne daban. Ma'aikatan laburaren jami'a su ne suka fi sanin lasisin da makaranta ta mallaka, a fara da su.

Mataki na uku: zaɓen fim

Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko fim ɗaya a ɗora masa nauyin wakiltar miliyoyin mutane. Ɗalibi ya kalli labarin wani matashi a birnin Turai, ya fita yana ganin ya fahimci kowa, ko kuma ya fita da tabbacin cewa abin duk al'adar Turawa ce. Maganin wannan shi ne a haɗa aƙalla finafinai biyu ko uku daga wurare da zamuna daban-daban, ko da guntaye ne, a kuma tunatar da ɗalibai cewa al'ummomi da yawa suna da nasu tsofaffin rukunoni na mutanen da ba a lissafa su maza zalla ko mata zalla: mutanen da ake kira hijra a Indiya, waɗanda kotun ƙolin ƙasar ta amince da su a matsayin jinsi na uku a 2014, da fa'afafine a tsibirin Samowa, da muxe a cikin ƙabilar Zapotec ta Meziko.

Fim ɗin ya dace da fannin ɗaliban. Ga masu karatun likitanci akwai fim ɗin ƙasar Ajantina mai suna XXY, wanda Lucía Puenzo ta shirya a 2007, a kan yarinya mata-maza 'yar shekara 15 da iyayenta suka ƙaura da ita bakin teku a Uruguwai, sai ga wani likitan fiɗa ya zo musu baƙunta da iyalinsa. Tambayar da ke ƙarƙashin labarin ita ce wa ke da ikon yanke shawarar yi wa jikin yaro tiyata, kuma a wane lokaci, tambayar da likitoci ke muhawara a kanta har yau. Ga masu karatun lauya akwai Victim, fim ɗin Ingila na 1961, wanda ya nuna yadda dokar da ta haramta mu'amala tsakanin maza ta zama makamin masu karɓar kuɗin toshiyar baki, shekara shida kafin a sassauta dokar a Ingila da Wales a 1967. Masu nazarin kafafen yaɗa labarai kuwa za su sami abin tattaunawa a tarihin Rafiki, fim ɗin ƙasar Kenya na Wanuri Kahiu, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2018, hukumar tace finafinai ta Kenya ta hana shi, sannan kotu ta ɗage haramcin na kwana bakwai kawai.

Akwai wasu tambayoyi da ya kamata a yi wa kowane fim kafin a saka shi a jadawali. Wa ya rubuta labarin, kuma yana da kusanci da rayuwar da yake nunawa? Shin mutumin da ake magana a kansa yana da wata rayuwa a fim ɗin, aiki da abokai da buri, ko jinsinsa ne kaɗai abin da aka sani game da shi? Yaya ƙarshensa ya kasance? Wannan ta ƙarshe tana da tarihi. Daga 1934 zuwa 1968 masana'antar Hollywood ta yi aiki a ƙarƙashin tsauraran ƙa'idojin tace finafinai da aka fi sani da sunan Hays, waɗanda har zuwa 1961 suka hana ambaton irin waɗannan mutane kai tsaye, don haka sai aka riƙa nuna su ta hanyar ishara, galibi a matsayin mugaye ko abin dariya ko waɗanda za su mutu kafin fim ya ƙare. Vito Russo ya tattara wannan tarihi a littafinsa The Celluloid Closet a 1981, wanda aka mayar da shi fim na gaskiya a 1995. Malamin da ya cika jadawalinsa da labaran da ke ƙarewa da kisa ko kashe kai yana koya wa ɗalibai, ba tare da ya sani ba, cewa wannan ce kaɗai makomar irin waɗannan mutane, kuma a cikin ajin ana iya samun wanda zai ɗauki saƙon a kansa.

Ba laifi ba ne a nuna fim mai nuna ƙyama, muddin an shigo da shi a matsayin abin fiɗa, an kuma ajiye wani a gefensa don kwatanci. Game da tsiraici kuma, ra'ayina shi ne a kauce masa, domin da wuya manufar darasi ta buƙace shi, kuma da zarar ya bayyana a allo hankalin aji ya bar batun.

Mataki na huɗu: malami ya kalla shi kaɗai, sau biyu

Kallo na farko don ya san labarin, na biyu da alƙalami a hannu. Ya rubuta minti da daƙiƙar kowane wurin da zai tsaya, ya lura da inda akwai duka ko fyaɗe ko kashe kai, ya duba fassarar da ke ƙasan allo ko ta yi daidai, domin mai fassara yakan sa kalmar zagi inda asalin maganar ba ta da shi, ko ya goge zagin da ke wurin. Idan lacca awa ɗaya ce ko biyu, guntaye uku masu tsawon minti uku zuwa takwas sun fi cikakken fim amfani, saboda ana iya maimaita su. Cikakken fim sai a ware masa zama na musamman, a bar aƙalla minti 40 na magana a bayansa. A gwada na'ura da sauti kwana ɗaya kafin ranar.

Mataki na biyar: shirya aji

Mako guda kafin kallo a ba ɗalibai karatu gajere guda ɗaya da takardar kallo mai tambayoyi uku ko huɗu, a kuma faɗa musu ƙarara abin da ke cikin fim ɗin mai tayar da hankali. Wanda yake da uzuri, ko na addini ko na wani rauni da ya taɓa samu, a ba shi wani aikin da zai kai shi ga manufar darasin, kamar nazarin rubutaccen labarin fim ɗin ko wata maƙala, ba tare da an tilasta masa bayyana dalilinsa ba.

Sannan a tsara ƙa'idojin zama tare da ɗaliban, a rubuta su inda kowa zai gani. Guda uku ba a sassauta su. Ba a tambayar kowa game da rayuwarsa ko sha'awarsa, kuma ba a nuna wani a ce ya yi magana a madadin wasu mutane. Ba a ɗaukar murya ko hoto da waya, kuma ba a fitar da maganar wani da sunansa zuwa waje. Ana sukar ra'ayi, ba a cin mutuncin mai shi. Malami ya ɗauka a ransa cewa a kowane babban aji akwai wanda batun ya shafa kai tsaye, ko shi ko ɗan'uwansa, kuma mai yiwuwa shi ne wanda ya fi kowa shiru. Akwai kuma masu riƙo da addini da suka shigo da fargabar za a yi musu ba'a. Dukansu ɗalibansa ne, kuma dukansu suna da haƙƙin fita daga ajin da mutuncinsu.

Mataki na shida: a koya musu kallon yadda aka gina hoton

Ɗalibai sukan ruga zuwa ga labari su manta cewa wani ne ya zaɓi inda kyamara za ta tsaya. Hanya mai sauƙi ta buɗe musu ido ita ce labarin gwajin Lev Kuleshov, ɗan fim ɗin Rasha da ya yi aiki kimanin shekara ɗari da suka wuce. Kamar yadda aka ruwaito, ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace, masu kallo kuma suka riƙa ganin yunwa da baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta canza ba. Ma'ana tana fitowa daga abin da aka jera kusa da abu. Masaniyar nazarin fim Laura Mulvey ta ƙara wani tsani a maƙalarta ta 1975, inda ta nuna yadda finafinan Hollywood suka saba ajiye mai kallo a idon namiji, mace kuma ta zama abin kallo. Tambayar tata tana aiki a nan ma: da idon wa muke kallon wannan mutum?

A ɗauki misali. Mace mai sauya jinsi, wato wadda aka haifa da jikin namiji take rayuwa a matsayin mace, ta shiga ofis don karɓar wata takarda, ma'aikacin ya dubi katin shaidarta, ya ɗago ya dube ta. A kunna guntun sau ɗaya yadda yake. A karo na biyu a kashe sautin, a ce ɗalibai su ƙirga sau nawa kyamara ta tsaya a fuskarta, sau nawa a fuskar ma'aikacin, sau nawa kuma a hannayenta ko maƙogwaronta ko takalminta. Idan kyamara tana yawo a sassan jikinta kamar mai neman shaida, fim ɗin ya mayar da mai kallo ɗan sanda. Idan kuwa ta tsaya a bayan kafaɗarta tana kallon ma'aikacin daga ƙasa, mai kallo ya tsaya a matsayinta, yana jiran hukunci tare da ita. A karo na uku a rufe hoton a saurari sauti kawai: kiɗan na ban tsoro ne, na ban dariya ne, ko shiru aka bari har ana jin ƙarar takarda? Minti uku na fim za su iya cin rabin awa ta wannan hanya, kuma ɗalibin da ya yi wannan atisaye sau ɗaya ba zai sake kallon labaran talabijin kamar da ba.

Mataki na bakwai: jagorantar tattaunawa

Da zarar an kunna fitila kada a jefa tambayar ko fim ɗin ya burge su. A ba su minti biyar su rubuta abin da suka gani, kowa shi kaɗai, sannan su yi magana bibbiyu, kafin a buɗe wa aji duka. Tambayoyin su bi tsari: da farko me aka gani aka ji, sannan me fim ɗin yake so mu fahimta kuma ta wace dabara, sai daga ƙarshe me kowa yake gani game da hakan. Idan aka fara da hukunci, masu ƙarfin murya biyu ko uku za su kama fagen, sauran su yi shiru.

Stuart Hall, masanin da aka haifa a Jamaika ya kuma yi aiki a Jami'ar Birmingham, ya bayyana a 1973 cewa mai kallo yana iya karɓar saƙo yadda aka nufa, ko ya karɓi wani sashe ya bar wani, ko ya ƙi shi gaba ɗaya. Koya wa ɗalibai wannan yana sauƙaƙa zaman ƙwarai, domin wanda bai yarda da fim ɗin ba ya san cewa ƙin yardarsa matsayi ne da ilimi ya san da shi, abin da ake nema a gare shi kawai ya kawo hujja daga abin da ke allon.

Za a samu lokuta masu wuya. Wani zai yi dariya a inda ba wurin dariya ba, kuma sau da yawa kunya ce ta fito a haka, don haka ya fi kyau a tambayi aji me ya sa wurin ya yi nauyi, maimakon a tsawata wa mutum guda. Wani zai furta kalmar zagi, a nan malami ya tsayar da magana nan take, cikin natsuwa, ya tuna ƙa'idar da aka yarda da ita, ya ce a sake faɗin ra'ayin da wata kalmar. Wani zai ce addininsa ya haramta wannan, malami ya amsa cewa an ji, kuma ba a nemi ya bar imaninsa ba, sannan ya dawo da shi ga manufa: idan wannan mutum ya zo asibitinka da zazzaɓi, ko ya zo kotunka an yi masa fashi, me aikinka ya wajabta maka? A wannan gaɓar ɗalibai masu ra'ayoyi mabambanta sukan tarar sun fi kusa da juna fiye da yadda suka zata. Idan kuma ɗalibi ya biyo malami ofis ya bayyana masa wani abu game da kansa, a saurare shi, a rufa masa asiri, a nuna masa ofishin ba da shawara idan akwai amintacce, kada a rubuta maganar a inda wani zai gani.

Mataki na takwas: a ɗaure fim da bincike

Fim labari ne da aka tsara don ya taɓa zuciya, saboda haka ba ya zama ƙididdiga ko shaidar kimiyya. Bayan kallo a haɗa shi da abin da za a iya tantancewa: maƙalar likitanci, hukuncin kotu, rahoton masana halayyar al'umma, ko tarihin baka da aka wallafa. A sa ɗalibai su nemo inda fim ɗin ya dace da binciken da inda ya ƙara gishiri. Shi ma tasirin fim ɗin abin nazari ne. Masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya kawo ra'ayin cewa cuɗanya tsakanin rukunonin mutane, a ƙarƙashin wasu sharuɗɗa, tana rage ƙyama, a littafinsa na 1954, sannan a 2005 Edward Schiappa da abokan aikinsa suka faɗaɗa ra'ayin zuwa sabawa da mutanen da ake gani a allo. Ɗalibai za su iya muhawara a kan iyakar wannan, musamman ganin cewa tausayin ɗan wasa na awa biyu ba lallai ya bi mutum har bakin aikinsa ba.

Mataki na tara: aikin gida da ba da maki

Aikin da ya fi dacewa shi ne nazarin guntu guda a shafi biyu ko uku, inda ɗalibi zai bayyana kyamara da sauti da jeri, ya haɗa da karatu aƙalla biyu, ya kuma faɗi abin da hakan ke nufi ga fanninsa. Ana iya sa masu karatun aikin jinya ko lauya su sake rubuta hirar da aka yi a fim ɗin tsakanin ma'aikaci da wanda ya zo neman taimako, yadda ƙwararre ya kamata ya yi ta. A guji aikin da ke neman ɗalibi ya ba da labarin rayuwarsa ko ya bayyana aƙidarsa. A raba ma'aunin maki tun kafin a fara, a rubuta a cikinsa cewa maki yana kan ingancin lura da ƙarfin hujja da daidaiton kalmomi, ba kan matsayin da ɗalibi ya ɗauka ba, kuma a cika wannan alkawari ko da rubutun ya saɓa wa ra'ayin malamin. A ƙarshen darasin a raba 'yar takarda marar suna mai tambayoyi biyu, me ɗalibi ya fahimta yanzu da bai fahimta ba a da, da kuma wane lokaci ne ya ji zaman bai yi masa daɗi ba. Amsoshin tambaya ta biyu su ne za su nuna guntun da za a cire, da wanda za a ƙara wa shiri, kafin zango mai zuwa.